Kyamarar 4K a Birnin Gwari: Kafin Ka Zuba Kuɗinka, Tsaya Mu Yi Lissafi

 

Wata ƙanwarmu ce ta jawo wannan rubutu. Ta kira ni a makon jiya ta ce: "Yaya, an gayyace ni karanta gajeren labarina a wani zaman marubuta ta Zoom. Kyamarar kwamfutata kuwa ba ta nuna komai sai duhu. Na tara 'yan kuɗi, wace kyamara zan saya wadda ta fi kowace kyau?" Na ce mata ta riƙe kuɗinta tukuna, zan ba ta amsa a rubuce, don na san ba ita kaɗai ce da wannan tambaya ba.

Ga matsayina tun daga farko. Kyamarar da ake jonawa da kwamfuta abu ne mai amfani ga marubucin wannan zamani, kuma ina goyon bayan a saye ta. Amma ga wanda yake zaune a Birnin Gwari ko wani gari irinsa, ita ce ta huɗu a jerin abubuwan da ya kamata ya kashe wa kuɗi. Sabis ne na farko, murya ta biyu, haske na uku. Wanda ya juya wannan jeri zai yi asarar kuɗinsa, kuma ni shaida ne.

Yadda na yi tawa asarar

Shekarun baya an gayyace ni wata tattaunawa ta bidiyo kan rubutun zube. Na ɗauki abin da muhimmanci, na bi motar Kaduna, tafiyar kusan kilomita 120 a hanyar da duk mun san halin da take ciki a lokacin. A wani shago na ga kwali mai ƙyalli an rubuta 4K da manyan baƙaƙe. Mai shagon ya ce da ni: "Alhaji, wannan ko kurajen fuskarka sai ta ƙirga." Na biya, na dawo gida ina murna.

Ranar zaman na sa farar shadda, na zauna taga tana bayana. Da aka ba ni dama na fara magana, ban kai minti biyu ba mai gabatarwa ta katse ni ta ce: "Malam, hotonka ya tsaya, muryarka kuma tana yankewa. Ko za ka kashe bidiyon?" Na kashe. Ragowar zaman da murya kawai na yi shi, kyamarar tana saman kwamfuta tana kallona. Daga baya da aka turo mini abin da aka ɗauka, a cikin minti biyun nan ma ba a ganin komai sai farar riga da haƙora.

Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Ban auna sabis ba, ban duba haske ba, ban gwada kayan a shago ba.

Me ya haɗa marubuci da kyamara?

Na san akwai masu cewa aikin marubuci rubutu ne, fuska ta 'yan fim ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu kyamarar da za ta gyara labarin da bai nuna ba. Sai dai hanyar da rubutu ke bi ya isa ga mutane ta canja. Azuzuwan koyon rubutu, hira da 'yan jarida, tantance waɗanda za a bai wa tallafi, zaman gyara tsakanin marubuci da edita, da yawansu yanzu ta kiran bidiyo ake yi. Kamfanin Zoom da kansa ya ce masu shiga taro a manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, lokacin kullen korona. Kullen ya wuce, amma ɗabi'ar ta zauna.

Ga mu 'yan Birnin Gwari kuma akwai wani dalili na daban. Idan aka ambaci garinmu a Kano ko Legas ko Landan, me ke zuwa ran mutane? 'Yan bindiga, garkuwa da mutane, hanyar da ba a bi sai da rakiya. Ba ƙarya ba ne, mun sha wannan wuya. Amma kusan kullum wani ne daga nesa yake ba da labarin. Kaɗan ne suka san cewa dajin Kamuku da ake ambata da tsoro an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120. Kaɗan ne suka san irin masarar da ake nomawa a wannan ƙasa, ko yadda gari ya kasance a ƙarshen Nuwamban 2024 da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Mutumin Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa yana da abin faɗa wanda ɗan rahoton da ya kwana ɗaya ya juya ba zai taɓa sani ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mun kuma ɗanɗana yadda rashin murya yake. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, gwamnatin jihar Kaduna ta sa an rufe layukan sadarwa a wasu yankuna saboda matsalar tsaro, har da namu. Kusan wata biyu ba kira, ba saƙo, ba intanet. Wanda ya rayu a wannan lokaci ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan darajar a gan ka a kuma ji ka. Saboda haka ba na raina burin ƙanwata. So nake kuɗinta su kai ta inda take son zuwa.

Na farko: sabis

Hoton da kyamara ta ɗauka ba shi ne yake isa wurin mai kallo ba. Manhaja takan matse shi ta tura ta intanet, kuma gwargwadon ƙarfin sabis ɗinka gwargwadon abin da zai wuce. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sabis hanya biyu gare shi: saukewa da turawa. Idan kana kallon bidiyo a YouTube, saukewa kake yi. Idan kai ake kallo, turawa kake yi. A layukan waya ƙarfin turawa ya fi na saukewa rauni a mafi yawan lokaci. Don haka ganin fim yana tafiya sumul a wayarka ba hujja ba ce cewa hotonka zai isa lafiya.

Ga abin da Zoom ya ce ana buƙata na turawa a taron mutane da yawa. Bidiyo na yau da kullum, megabit 1 a daƙiƙa. Mai ingancin 720p, megabit 2.6. Mai 1080p, megabit 3.8. Murya kaɗai kuwa kilobit 60 zuwa 80 ne kacal.

Mu mayar da shi data. A awa ɗaya, megabit 1 zai ci maka wajen MB 450. Megabit 2.6 zai ci kusan GB 1.2. Megabit 3.8 zai ci GB 1.7. Wannan na turawa ne kawai, ba a haɗa da hotunan sauran mahalarta da kake saukewa ba. Murya kaɗai ba ta wuce MB 36 a awa. Ka tuna kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari.

Yanzu mu dawo kan 4K. Hoton 720p ɗigo 921,600 ne. Na 1080p ɗigo 2,073,600. Na 4K ɗigo 8,294,400, wato ninki tara na 720p. Zoom ba ya tura hoton kyamara a 4K ko kaɗan, iyakarsa 1080p, shi ma ga masu biyan kuɗin manyan rukunai. Mai shiga taron kyauta sau da yawa ko 720p ba ya samu. To ka sayi ɗigo miliyan takwas, hanyar kuwa ko miliyan ɗaya ba ta ɗauka. Kamar ka ɗauko tirela ne ka ce sai ta bi hanyar gona.

Abin yi mai sauƙi ne kuma kyauta. Zauna a daidai wurin da za ka riƙa yin kiran, ka buɗe Speedtest ko fast.com, ka duba lambar turawa. Ka auna da safe, da la'asar, da bayan isha'i, kwana uku a jere, ka rubuta. Ka gwada kowane layi da kake da shi, don a unguwa ɗaya ma wani layin ya fi wani. Idan lambar ba ta tsayawa a kan megabit 3 ko sama, to 720p ce iyakarka, kuma babu abin kunya a ciki. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023 kuma yana aiki a inda babu turken sabis, amma kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin marubuci ɗaya mai tasowa, sai dai ƙungiya ko makaranta.

Wuta ma tana cikin wannan lissafi. Waɗanda suka ga duhun da ya mamaye mafi yawan jihohin Arewa kwanaki a jere a Oktoban 2024 sun san ba a dogara da ita. Kyamarar kwamfuta daga batirin kwamfutar take shan wuta. Idan batirinka ba ya riƙe awa ɗaya, gyara shi ya fi sayen kyamara gaggawa.

Na biyu: murya

Marubuci da kalma yake aiki. Mutane za su jure hoto mai hazo na tsawon awa, amma ba za su jure muryar da ke amsa kuwwa ko yankewa na minti biyar ba. Makirfon da ke jikin kyamara yana nesa da bakinka, saboda haka duk abin da ke tsakaninku sai ya kwasa: fanka, janaretan maƙwabta, carar zakara, kukan yara. Iyafis mai waya irin wanda ake sayarwa a kowane teburin caji, wanda makirfonsa ke rataye kusa da haɓa, ya fi makirfon kyamara mai tsada fitar da murya. Dalilin kusanci ne kawai. Yana kuma hana muryar mutane fitowa daga lasifika ta sake komawa musu.

Ɗakin ma yana da tasiri. Ɗakin siminti da babu komai a ciki yana mayar da sauti. Ɗaki mai labule, katifa, darduma da kantar littattafai yana shanye shi. Don haka idan mai shago ya fara yabon makirfo biyu da ke jikin kyamara, kada wannan ya sa ka ƙara ko sisi. Kyamarar Elgato Facecam da aka yi domin masu watsa shiri kai tsaye ko makirfo ba a sa mata ba, don masu ita sun san kowa da nasa daban yake amfani.

Na uku: haske

Idon kyamarar kwamfuta ƙarami ne ƙwarai, hasken da yake kamawa kaɗan ne. Idan ɗaki ya yi duhu, kyamara takan yi abu biyu don ta cike giɓin. Takan ƙara ƙarfin siginar, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Takan kuma tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto, sai motsinka ya riƙa jan inuwa. Waɗannan ɗige-ɗigen suna wahalar da manhaja wajen matse bidiyo, su cinye ɗan sabis ɗin da kake da shi a banza. Wato rashin haske yana ɓata hoto sau biyu.

Akwai kuma maganar fatarmu. An daɗe ana ƙera kayan hoto ba da mu a zuciya ba. A ƙarshen 2009 wani bidiyo ya yaɗu inda kyamarar wata kwamfutar HP take bin fuskar farar mace, amma ta ƙi bin fuskar abokin aikinta baƙar fata. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni, suka tarar kuskure a kan mata baƙar fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, a kan fararen maza kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Kyamarar kwamfuta tana auna hasken dukkan abin da ke gabanta ne ta ɗauki matsakaici. Idan ka sa farar riga, bango fari, taga a baya, za ta rage haske don fararen wuraren, fuskarka ta nutse. Abin da ya same ni ke nan.

Maganin ba ya cin kuɗi sosai. Taga ta kasance a gabanka ko a gefenka, kada ta zama a bayanka. Bangon baya ya zama mai ɗan duhu ko matsakaici. Ka sa tufafi mai launi, ka ajiye farar shadda sai ranar Juma'a. Da dare, fitilar sola ko mai caji guda biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, a ɗan sama da ido, sun isa. Idan hasken ya yi kaifi ka rufa musu farin yadi marar kauri, ko ka haska bango ya dawo maka da shi. Mai gilashin ido ya guji fitilar nan mai kama da zobe a gabansa kai tsaye, don zoben zai fito a gilashin.

Wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa ba: wutar Najeriya a kan 50Hz take, ta Amurka 60Hz. Kyamarori da dama a kan saitin Amurka suke zuwa, shi ya sa za ka ga layuka suna yawo a hoto idan an kunna ƙwan lantarki. Shiga saitin kyamarar ka mayar da shi 50Hz.

Na huɗu: kyamarar kanta

Idan ka gyara waɗancan ukun, ka sake duba kyamarar jikin kwamfutarka. Wataƙila ta wadatar. Idan har yanzu ba ta yi ba, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawancinmu ke amfani da su, to ga abin da za ka duba.

Girman hoto. 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa ya ishe ka shekaru. Ko da sabis bai ɗauke shi kai tsaye ba, za ka more shi idan kana ɗaukar bidiyo ka ajiye. Hoto 60 a daƙiƙa na masu wasan kwamfuta ne da masu saurin motsi. Mai karanta labari a zaune ba ya buƙatarsa.

Faɗin gani. Ana auna shi da digiri. Digiri 65 zuwa 78 ya dace da mutum ɗaya. Digiri 90 zai kwaso rabin ɗakinka, ya mayar da fuskarka ƙarama. Sai dai idan ku uku ne ko huɗu za ku zauna tare.

Saita gani. Wata kyamarar tana saita kanta gwargwadon nisan abu, wata kuma a kafe take. Idan za ka riƙa ɗaga littafi kana nuna bango ko shafi, mai saita kanta ta fi. Amma a ɗaki mai ƙarancin haske takan yi ta kai-komo tana neman fuskarka, hoto ya washe ya dushe. Wadda take kafe ba ta da wannan matsala.

Damar saitawa da hannu. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci ga mai baƙar fata. Ka nemi kyamarar da za ka iya ƙara mata haske da kanka ka kulle shi, ta manhajar kamfaninta ko ta OBS Studio, wadda kyauta ce.

Jonawa. Ta zama irin wadda da ka soka a USB take aiki ba sai ka sauke komai ba. Ka kuma duba bakin kebul ɗin ya dace da ramin kwamfutarka.

Murfi. Ƙaramin marfin da ke rufe idon kyamara yana kare sirri, kuma a ƙasarmu yana kare ƙurar hunturu.

Don misali, zan ambaci uku daga kamfani ɗaya saboda su aka fi samu a kasuwanninmu. Logitech C270 tana ba da 720p, ganinta a kafe yake, ita ce mai sauƙin kuɗi. C920, wadda ta fito tun 2012, tana ba da 1080p da hoto 30 a daƙiƙa, faɗin ganinta digiri 78, tana saita kanta. Samfurinta mai suna C920s yana zuwa da murfi. Brio ita ce mai 4K, ana iya sauya faɗin ganinta tsakanin digiri 65, 78 da 90, kuma ta fi su tsada nesa. Ga ƙanwata da ire-irenta, ta tsakiyar ce iyakar abin da zan ba da shawara, ta farkon kuma ba abin rainawa ba ce idan akwai haske. Duk wadda ka saya, ɗora ta daidai tsayin idonka, ko da sai ka tara littattafai a ƙarƙashin kwamfutar. Kyamarar da ke kallonka daga ƙasa hancinka take nunawa.

"Ai wayata ta isa"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma na yarda da mafi yawanta. Kyamarar bayan waya mai matsakaicin kuɗi ta fi yawancin kyamarorin kwamfuta kyau. Kamfanin Transsion, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da dalilai ciki har da gyara kyamarorinsa su dace da baƙar fata. Akwai manhajoji irin su DroidCam da Iriun da Camo da ke mayar da waya kyamarar kwamfuta. Wanda ake gayyata sau ɗaya a wata uku, ya sayi ɗan abin kafa waya da iyafis, ya shiga taron da wayar kai tsaye, ya huta.

Inda hujjar ke rauni shi ne a nan. Yawancinmu waya ɗaya gare mu, kuma ita ce ke bai wa kwamfuta intanet. Idan ta haɗa aikin kyamara da na raba data ga kuma caji, za ta yi zafi, musamman a bazara, ta fara nauyi ko ta mutu. Kira yana iya shigowa ana tsakiyar karatu ya katse komai. Sannan mai karatu daga allon kwamfuta yana son kyamara a saman allon, don idonsa ya kasance kusa da masu kallo. Saboda haka wanda zai riƙa koyar da aji duk mako, ko gabatar da zaman karatu a kai a kai, kyamara ta daban za ta sauwaƙa masa. Yawan amfanin ne zai raba gardama.

A shago

Jabu ya yi yawa, kuma kwali ba ya jin kunyar ƙarya. Wata kyamarar idonta na 720p ne, sai a sa ta kumbura hoton a rubuta 1080p ko 4K. Ko a Kaduna za ka saya, ko a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, tafi da kwamfutarka da littafi mai ƙananan baƙaƙe. Jona kyamarar a gaban mai shago, ka riƙe shafin a gaban ƙirjinka ka ga ko rubutun yana karantuwa. Ka matsa zuwa lungun shagon mai duhu ka kaɗa hannu ka ga ko yana jan inuwa. Ka dubi fuskarka, kada ka dubi bango. Idan an ce ta wani sanannen kamfani ce, ka sauke manhajar kamfanin tun daga gida, ta gaske za ta gane ta. Ka karɓi rasit, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da ita. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama. Mu da ke zuwa daga nesa, komawa canji kaɗai wata asarar ce. Idan kuma ka ga farashi ya faɗi ƙasa da hankali, tuna araha ba ta ado.

Abin da kyamara ke nunawa ban da kai

Wannan sashe na mutanen yankinmu ne musamman, da 'yan uwanmu na Zamfara, Katsina da Neja. Kyamara mai kyau tana nuna komai da kyau, har abin da ba ka so a gani. Duk mun san illar infoma. Kafin ka kunna, dubi bayanka: ƙofar gida, farantin sola, babur, yara masu wucewa, kalandar da ke ɗauke da sunan makarantar da kake koyarwa. Zauna kusa da bango ko labule. Hoton bayan ƙarya da manhaja ke sakawa yana nauyaya tsohuwar kwamfuta, kuma yakan gutsure gefen hula ko mayafi, labule na gaske ya fi shi.

Watsa shiri kai tsaye yana faɗa wa kowa inda kake a daidai wannan lokaci. Kada ka ambaci ranar da za ka bi hanya. Idan kana hira da wanda aka taɓa sacewa ko wanda ya rasa nasa, kada ka nuna fuskarsa sai ya fahimci inda bidiyon zai iya kaiwa ya kuma amince, kuma ko ya amince ka sake tunani. Labari mai kyau bai kai ran mutum ba. Ga 'yan uwa mata, murfin kyamara ko cire kebul bayan an gama ya zama ɗabi'a. A 2016 an ga hoton Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya liƙe idon kyamarar kwamfutarsa da salatif. In shi bai yarda da ita ba, ke ma kada ki sake.

Saboda wannan da kuma raunin sabis, ni na fi son marubucin Birnin Gwari ya ɗauki karatunsa ya ajiye, ya duba, ya yanke abin da bai dace ba, sannan ya ɗora da datar dare mai rahusa. Hoton zai fi kyau, don ba ya jiran sabis a lokacin ɗauka, kuma ka sami damar sake tunani kafin duniya ta gani.

Amsata gare ki

Ƙanwata, ga yadda zan raba kuɗin nan da ni ne ke. Ki fara auna sabis kwana uku, wannan kyauta ne. Ki ware kuɗin datar ranar zaman da ta gwaji, a layi biyu idan da hali. Ki sayi iyafis mai waya. Ki samu fitila biyu masu caji, ki juya teburinki ya fuskanci taga. Ki kira wata ƙawarki ta bidiyo a daidai lokacin da za a yi zaman, ki karanta mata shafi ɗaya, ta faɗa miki gaskiya. Idan bayan duk wannan hoton bai yi ba kuma akwai ragowar kuɗi, ki sayi mai 1080p ta gaske wadda kika gwada da hannunki. Idan babu ragowa, ki kafa wayarki ki shiga. In sabis ya gaza ranar, ki gaishe su da fuska, ki kashe bidiyo, ki karanta labarinki da murya mai kyau. Labarin suka gayyata.

'Yan uwa da kuka riga kuka saya, ku faɗa mana irin wadda kuke amfani da ita, da garin da kuke, da lambar turawar da kuka samu da kuka auna. Idan muka tara wannan daga Birnin Gwari, Funtuwa, Giwa, Gusau da sauran wurare, mai saye na gaba ba zai yi irin asarar da na yi ba. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.